Ranar da Ƙarfe Ya Yi wa Usta Abdulmaujud Magana

A garinmu Izbatul Burj, inda kogi ke shiga teku, masu walda sun fi bishiyoyi yawa. Duk lungun da ka leƙa za ka tarar da wani a durƙushe ƙarƙashin gindin jirgi yana zubar da tartsatsi. Amma mai waldar da ya fi ƙarfin walda ɗaya ne tak, shi ne maƙwabcina Usta Abdulmaujud. Ni aski nake yi, shagona na kallon gidan shayin Ammu Hilmi, gidan shayin kuma na kallon ruwa. Don haka abin da zan faɗa, wanda ban gani da idona ba, da ɗuminsa aka kawo mini shi.

Usta ya tafi aikin wucin gadi a wani kamfanin tankunan gas can tashar jiragen ruwa ta Dumyat. Wani direban kamfanin ya shaida mini, ina masa gyaran gashin baki, cewa aikin Usta a can shi ne riƙe wa injiniyoyi tsani. Amma ranar da ya dawo, da farar hular kwano a ka da birori jere a aljihu, sai ka rantse shi ya koya musu hawan tsanin.

Ya zauna a gidan shayi, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya jira sai da kowa ya juyo.

"Ƙarfe yana magana," in ji shi.

Ammu Hilmi ya dire masa shayi. "Me ya ce?"

"Ba da irinku yake yi ba, ya Ammu. Ku saurara ku ƙaru. Duk ɗinkin waldar da ya fara tsagewa sai ya yi ƙara. 'Yar ƙanƙanuwa ce, ƙas, kamar an karya tsinken ashana a cikin bargo. Kunnen mutum ba ya kama ta. Sai a shafa wa ƙarfen giris, a liƙa masa wani kunne na musamman, a ɗora masa nauyi, a yi tsit. In da tsaga, da kanta za ta yi kuka ta faɗi inda ta ɓuya. Mu haka muke yi a kamfani."

"Ku da wa?" in ji Rayyis Zaglul.

Rayyis Zaglul mai jirgin kamun kifi ne, kuma ƙanin matar Usta. Tun ranar da aka ɗaura auren yayarsa bai gama yafewa ba.

"Ni da injiniyoyin. Akwai wata babba a cikinsu, a waje ta yi karatu. Ba ta liƙa kunne ko ɗaya sai ta dube ni tukuna."

"Ai dole ta dube ka. In ka saki tsanin fa?"

Usta ya kurɓi shayinsa kamar bai ji ba. Abin takaicin, bayanin da ya yi gaskiya ne, haka ake aikin. Abin da ya rage masa kawai shi ne na'urar, da ilimin, da haƙurin.

Kafin shayin ya huce ya gama shimfiɗa mana makomarsa. Zai buɗe Asibitin Ƙarfe. Ba jirgin da zai sake fita teku daga garin nan sai ya saurare shi. Daga nan sai gadojin ƙasa. Daga nan manyan jiragen da ke ratsa mashigin Suwais za su ja layi, kowanne ya tsaya a duba shi. Abin da yake buƙata kawai shi ne Hajj Burhan, shugaban ƙungiyar masunta, ya gani da idonsa ya sa hannu.

Na'urar kuwa a wurin wani makaɗin biki da ya tuba ya same ta. Ɗan makirfo ne irin wanda ake manna wa jikin kayan kiɗa, da akwatin ƙara sauti, da lasifika mai faɗin bahon wanka. Ya haɗa su da batirin mota, ya loda a baro, ya rubuta sunan asibitin a jikin baron da jan fenti. Giris kuma ya ce bai dace da aikin likita ba, sai ya ɗauko gwangwanin man shanun matarsa. Tun daga ranar, duk inda baron ya nufa, kyanwoyin unguwa na biye da shi kamar ɗaliban likita.

Majinyacin farko shi ne ginshiƙin rumfar Ammu Hilmi. Ba wanda ya ce rumfar na ciwo, amma Usta ya ce ai shi ne haɗarin. Ya shafa mai, ya manna makirfo, ya murɗa akwati har ƙarshe. Lasifikar ta saki wani ihu da ya tayar da tantabarun gari, jakin mai kayan miya ya tsinke igiya ya nufi kasuwa. Da ihun ya lafa, sai muka ji murya daga cikin ƙarfen, tar da ita. Mutum ne yake ta zuba da sauri, wai an buga kwana, mai tsaron gida ya fito ya cafke.



"Tambaye shi nawa da nawa ake," in ji Zaglul.

"Wannan alama ce mai kyau," in ji Usta, yana ta naɗe waya a hannu. "Ƙarfen da ke da ciwo ba ya da sukunin sauraron ƙwallo."

Ya yi ta juya wayoyi har gidan rediyon da suka kamo ya fita daga ginshiƙin. Can sai ga ta: ƙas. Aka jima, ƙas. Usta ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi nauyi irin ta mai kawo saƙon rasuwa.

"Ya Ammu, ka yi haƙuri. Rumfarka ba za ta ga ƙarshen wata ba."

"Tun mahaifina tana nan."

"Shi ya sa. Ta gaji."

Kafin Ammu Hilmi ya ajiye buta ya zagayo, injin yanka ya riga ya shiga ginshiƙin. Rumfar ta sunkuya gefe guda, kofuna suka gangara. Aka duba bakin yankan ta sama, aka duba ta ƙasa. Ƙarfe lafiya lau, fari tas, ko ɗigon tsatsa babu. Ga kuma lasifika ba ta fasa ba: ƙas, ƙas. Sai muka waiga. Wasu tsofaffi ne biyu a bayan ginshiƙin, teburinsu jingine da shi, suna buga 'ya'yan wasan domino a kan teburin. Ko ɗagowa ba su yi ba.

"Tsagar ta ji ƙarar inji ta rufe bakinta," in ji Usta. "Suna yin haka."

Ya mayar da ginshiƙin da walda, sai dai ya gajarta. Har yau in ana ruwa, a kan tebur ɗaya rumfar ke juye shi duka, kuma a nan Ammu Hilmi ke zaunar da waɗanda ba ya so.

Daga wannan Usta ya gano inda matsalar take. Ba na'urarsa ba ce, garin ne. Mutanen Izbatul Burj sun cika hayaniya. Sai ya shiga yawo wuraren ƙera jirage yana roƙon masu guduma su dinga bugawa a hankali. Wasu suka ba shi shayi, wasu suka ba shi shawarar inda zai kai baronsa. Amma babban abokin gabarsa shi ne Shahata mai gas, wanda ke tura kurarsa lungu-lungu yana ƙwala wa tukwanen gas sifana don mata su san ya iso.

Usta ya tare shi a bakin shagona.

"Ya Shahata, wannan bugun naka yana hana kimiyya aiki."

"Wace ce Kimiyya? A wane gida take? Tukunya nawa take so?"

"Ka daina bugawa, ina sauraron ƙarfe."

"Ni ma ƙarfen nake bugawa, ya Usta. Saurari nawa mana, ga shi kyauta."

"Ka yi wa matan alama da hannu."

"Matar da ke hawa na huɗu tana suya, in yi mata alama da hannu? Mijinta ya gan ni, kai za ka zo belina?"

Daga ranar Shahata ya sauya hanyar tallarsa. Duk inda Usta ya tsaya da baro ya manna makirfo, sai ka ji kura ta ƙaraso ta tsaya a bayansa, sifana ta fara aiki. Matan unguwarmu ba su taɓa samun gas a kan kari kamar a wannan lokacin ba.

Da waje ya gagara, sai ya koma gida. Sitt Ihsan, matarsa, ita ta ba matata labari. Ya saurari tukwanenta, ya ce biyu ba za su kai salla ba. Ya saurari ƙarfen gado, ya sa suka koma kwana a ƙasa. Ya hana ta daka, ya hana ta jan kujera, ya ce ta dinga rufe firji da tausayi. Da abin ya ishe ta sai ta yafa mayafi ta tafi bakin ruwa wurin ƙaninta.

"Zaglul, ka ba shi jirginka ya saurara."

"Yaya, jirgina lafiyarsa ƙalau. Kifin sardin ya shigo, gobe za mu fita."

"Ai ba cinye shi zai yi ba. Ya manna abinsa ya ji shiru, ya samu abin faɗa a gidan shayi, ni kuma in samu in dafa abinci."

"Ki dawo gida mana. Ɗakinki na nan."

"In dawo in bar masa sauran man shanuna? Ni na goye ka, Zaglul. Kar ka sa in fara lissafi a gaban yaranka."

Haka Zaglul ya ba da jirgi. Washegari da hantsi, jirgin na kan ruwa an gama loda ƙanƙara da taru, matuƙa na jiran a kwance igiya, sai ga baro. Usta ya sauka cikin jirgin da makirfo, ya bar lasifikar a bakin gaɓa tana fuskantar gari, don kada wani ya ce ba a yi a gabansa ba. Ya manna a jikin gindin jirgin, ya murɗa.

Abin da ya fito ba ƙas ɗaya ba ce. Tatata ce ba tsayawa, kamar an zuba ɗanyen kifi a tafasasshen mai. Ya matsa gaba, haka. Ya koma baya, haka. Duk inda ya ji sai ya zana alama da alli, har allin ya ƙare ya aika a karɓo na makaranta. Da ya fito, cikin jirgin ya koma kamar allon ɗan aji ɗaya.

"Rayyis," in ji shi, ta cikin lasifika, don ya manta makirfon na hannunsa, "wannan ba jirgi ba ne, rariya ce. Fenti ne kawai ke riƙe da shi. Duk wanda ya shiga, ya yi sallama da uwarsa."

Uwayen kuwa sun ji. Kafin Zaglul ya buɗe baki, sun cika bakin ruwa. Wata ta kama ɗanta ta kunne, ƙato mai gemu, ta fito da shi. Wata ta zauna a kan igiyar jirgin ta ce sai dai a kwance da ita. Matar mai kula da inji ta tsaya gaban Zaglul tana tambayarsa ko shi zai riƙe mata 'ya'ya. Sauran jirage suka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya suna nufar teku, matuƙansu na ɗaga wa Zaglul hannu cikin ladabi mai ciwo.

Ba yadda ya iya, sai da aka jawo jirgin kan tudu. Ƙanƙara ta narke ta bi lambatu. Da jirgin ya zauna a busasshiyar ƙasa ya sha iska, Usta ya sake manna makirfo. Shiru.

"Ka gani?" in ji shi. "Har ya fara samun sauƙi. Hutu yake so."

Zaglul ya ɗauko bokiti. Ya sunkuya ƙarƙashin jirgin, inda gansakuka da ƙananan kaguwa da 'yan jatan lande suka yi gida, ya kankaro cikin hannu, ya zuba a bokitin ƙarfe da ruwan teku. Ya fizge makirfon ya manna a jikin bokitin. Lasifika ta ɗauka: tatatata.

"Ya mijin yaya, bokitin nan ma ya yi sallama da uwarsa?"

"Bokitin ma ban yarda da shi ba."

Da yamma jirage suka dawo, sardin har bakin kowanne. Zaglul na zaune a inuwar jirginsa mai cike da zanen alli, yaransa na kankare kaguwa, ba wanda ya samu ko na miya. Da Sitt Ihsan ta aiko masa da abinci, ya mayar, ya ce a gaya mata a fara sauraron kwanon tukuna.

Da wani ne, da ya ɓuya a gida har a manta. Usta kuwa da safe ya zo shagona gyaran fuska, ya ce a yi masa na shiga taro.

"Duk abin da ya faru, ba a cika sharuɗɗa ba ne," in ji shi, kumfa a haɓa. "Ba a yi tsit ba, ba a ɗora nauyi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, gudumomi na hutu. Zan yi gwaji na gaskiya a gaban Hajj Burhan, a kan gadar sauke kifi."

"Gadar da kai ka yi wa walda?"

"Shi ya sa na zaɓe ta. Mutane su fara jin yadda lafiyayyen ƙarfe yake shiru, sannan su san darajar aiki."

Gadar sauke kifi wani dogon dakali ne na ƙarfe da ya miƙa cikin kogi a kan ƙafafu. Ƙungiyar masunta ta ba Usta aikinta kafin ya tafi Dumyat. A ƙarƙashinta ruwan bai wuce ƙugu ba, amma lakar da ke ƙasansa ba wanda ya san iyakarta, kuma nan ake wanke cikin kifin gari duka. Nauyin da za a ɗora mata kuwa, mu ne. Usta ya sa aka yi shela cewa za a raba soyayyen kifi da lemo a kan gadar, ga duk wanda ya hau ya tsaya shiru.

Garinmu ba a kiran soyayyen kifi sau biyu. Bayan sallar Juma'a gadar ta cika, maza da mata, har da waɗanda ba sa ga maciji da Usta. Hajj Burhan ya zo cikin farar jallabiya da carbinsa, aka ba shi kujera a can ƙarshen gadar, wurin da ya fi nisa da tudu. Zaglul ya ƙi hawa. Ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife a gaɓa, ya ce daga nan ma yana ji. Shahata ya faka kurarsa a gefensa, ya soke sifana a ɗamara, don ko shi yana son ganin ƙarshen abin.

Usta ya tura baronsa tsakiyar gada. A wannan karon har giris na gaske ya sayo. Ya durƙusa ya manna makirfo a kan babban ɗinkin da ya haɗa gadar da ƙafafunta, ya miƙe ya ɗaga hannu. Aka yi tsit. Ban taɓa jin garinmu ya yi shiru haka ba. Ba guduma, ba inji, ba sifana. Ga nauyi, ga giris, ga shiru. Karo na farko ke nan da aka yi aikin yadda ake yin sa.

Lasifika ta ce: ƙas.

Usta ya yi murmushi. "Wa ke cin 'ya'yan kankana?"

Rabin gadar ne ke ci. Ya bi layi da hular kwanonsa yana karɓewa, har da na bakin wata tsohuwa. Ya dawo ya ɗaga hannu.

Ƙas. Ƙas.

"Ya Hajj, don Allah carbin nan."

Hajj Burhan ya dube shi, ya dubi carbin, ya sa a aljihu.

Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.

"Akwai mai ciwon gwiwa a nan," in ji Usta. "Duk wanda gwiwarsa ke ƙara ya tsaya cak."

"Ya Usta," Ammu Hilmi ya ce daga cikin taro, "ba wannan ce ƙarar da ka ce tana kama da karya ashana ba?"

"Kama ce kawai. Wannan ƙarar gamsuwa ce. Ƙarfe ne ke gyara zama."

"Ni ma bari in je in gyara nawa a tudu."

Ammu Hilmi ya sauka. Mata suka fara jan 'ya'yansu, ba gudu ba, irin tafiyar nan ta wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta. Usta ya ga nauyinsa na zubewa, sai ya ɗaga murya.

"Nauyin ne bai isa ba, shi ya sa take wasa. Ya Shahata, turo kurar nan da tukwanenka."

"Ni dai bugun ƙarfe na sani, ya Usta, ban iya saurarensa ba. Amma wannan ko ni na ji abin da ya ce."

Hajj Burhan ya miƙe a hankali. Mutum ne mai jiki, kuma bai taɓa yin sauri a bainar jama'a ba. Ya bi gefen gada yana taka ƙafa kamar mai tsallake masu barci, yana ce wa kowa, "Ku wuce, ku wuce, ba komai," alhali shi ke gaba. Ni ma ban tsaya jiran kifina ba. Cikin ɗan lokaci gadar ta koma daga Usta sai baro sai tiren kifi, gari duka na tudu yana kallo.

Da nauyi ya ragu, lasifikar ta ɗan lafa. Da ya bar ta haka, wataƙila da ya sauko da ƙafarsa. Amma ya ga idon jama'a a kansa.

"Kunya ta kama ku," in ji shi. "Ɗinkin nan hannuna ne. Injiniyoyin Dumyat da za su gan shi, hoto za su ɗauka. Wannan gada tankar yaƙi za ta ɗauka ta nemi ƙari."

Sitt Ihsan ta matso bakin gaɓa, ta kira shi da sunan ɗansu. "Abu Wa'il, sauko mu tafi gida."

"Tsaya ki gani, Ummu Wa'il."

Ya je daidai kan ɗinkin, ya tattare jallabiya, ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu. Lasifika ta ce ƙas-ƙas-ƙas. Ya sake. Ta koma kamar ana gasa masara. Ya juyo zai yi mana bayanin wannan sabuwar ƙarar, sai muka ji ta ba tare da lasifika ba, gau, har cikin haƙora.

Gadar ba ta faɗi da gaggawa ba. Ta sunkuya a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Tiren kifi ya fara tafiya, baro ya bi shi, batir da akwati da lasifika suka bi baro, Usta ya bi su duka a zaune, hannu ɗaya a kan hular kwano. Ruwa ya buɗe, laka ta karɓa. Da ya tsaya nutsewa ta kai masa ƙirji, soyayyen kifi na yawo kewaye da shi, kyanwoyi sun jeru a gaɓa suna lissafin asara.

Zaglul ya tashi daga kan kwale-kwale ba tare da sauri ba, ya ɗauko doguwar ƙugiyar jawo jirgi, ya tsaya a bakin ruwa.

"Yaya, in ciro shi?"

Sitt Ihsan ta ɗan yi tunani fiye da yadda ya kamata. "Ciro shi. Makullin gida na aljihunsa."

Ƙugiya ta kama wuyan jallabiya, maza suka taru suka ja. Laka ta sake shi da wata ƙara mara daɗin ji, ta riƙe takalmansa. Aka tsayar da shi a tudu, baƙi ƙirin daga wuya zuwa ƙasa, ƙayar kifi a gemu, wari ya sa taro ya ja baya. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya gyara hula, ya dubi Hajj Burhan.

"Ka dai gani da idonka, ya Hajj. Na'urata ba ta ƙarya. A faɗin ƙasar nan wa ya taɓa gano tsaga ana saura ƙiris ta karye?"

"Na gani," in ji Hajj Burhan, hanci a cikin hankici. "Na'urar ta yi gaskiya. Sai dai ga ta can a ƙasan ruwa, mai waldar kuma ga shi a gabana. Ya Usta, ban da gadar nan, wane aiki kuma ka yi a garin nan?"

Tambaya ce da Usta bai taɓa iya ƙin amsawa ba. Ƙirjinsa ya buɗe, laka na ɗiga.

"Wanne ne ban yi ba? Barandodin layin kasuwa kusan duk nawa ne. Matakalar gidanka ta bene, ni ne. Ƙarfen tankin ruwan da ke saman gidan wanka, ni ne. Ƙugiyoyin da fankokin masallaci ke rataye a jiki ma, ni na yi su da hannuna, ban karɓi ko sisi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka fara watsewa, kowa kansa a sama, yana bin tsakiyar titi.

Da aka kira la'asar masallaci ya cika kamar kullum, sai dai sahun ya fito da wani irin fasali. Jama'a sun matsu a jikin bango da gindin ginshiƙai, ƙarƙashin kowace fanka kuma fili fetal. Liman ya juyo ya ce a cike sahu. Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa, sannan ya ɗaga kai ya ga ta saman kansa, ya ja dardumarsa gefe.

Ana haka sai ga Usta ya shigo, ya yi wanka ya sa sabuwar jallabiya. Ya dubi filin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da idon raini, ya taka har ƙarƙashin babbar fankar tsakiya ya tsaya shi kaɗai, ya gyara kafaɗa. Fanka na juyawa. Can sama ta ce ƙas.

Bai ɗaga kai ba. Ya dai matso a hankali ya tura kafaɗarsa tsakanina da Zaglul, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ku ɗan matsa mini, iskar ta yi yawa."